Abin da ya kamata a sani kafin a zaɓi sufacaja don ƙara wa motar tsere ƙarfi

Duk wanda ya saba bin titunan Abuja, Legas ko Kano, da wuya a ce bai taɓa ganin Marsandi mai ɗauke da kalmar Kompressor a bayanta ba. Kalmar ta Jamusanci ce, kuma tana nuni ne da wata na'ura da ke jikin injin motar, wadda aikinta shi ne cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Wannan na'ura ita ake kira sufacaja.

A irin waɗannan motoci, kamfanin da ya ƙera motar ne ya ɗora na'urar tun daga masana'anta. Sai dai a Amurka, Japan, Ingila da Ostireliya akwai babbar kasuwa ta kamfanonin da ke sayar da sufacaja ƙunshe da kayan haɗinta, domin mai mota ya saya ya ɗora a kan injin da bai zo da ita ba. Manyan masu sayen su ne masu motocin tsere, wato motocin nan masu ƙofa biyu da aka ƙera don gudu, irin su Ford Mustang, Chevrolet Corvette, Toyota 86 da Mazda MX-5. Da yake irin waɗannan motoci suna shigowa Najeriya, kuma oda ta intanet ba ta da wuya a yau, mai irin wannan mota a nan gida ma yana iya samun kansa cikin wannan shawara.

Abin da masu talla ke fara nuna wa mai saye shi ne adadin ƙarfin dokin da motar za ta samu. Amma wannan adadi shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi. Kafin a kai gare shi, sai an san ƙarfin injin da za a ɗora wa kayan, da irin man da zai sha, da zafin garin da motar za ta zauna. Wanda ya yi kuskure a nan, asararsa ba za ta tsaya a kuɗin na'urar ba, domin injin gaba ɗaya yana iya bugawa.

Yadda na'urar ke aiki

Injin fetur yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona cakuɗen mai da iska a cikin silinda. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kusan kilo 15 na iska. Saboda haka ƙara wa inji mai ba ya ƙara masa ƙarfi matuƙar iskar ba ta ƙaru ba, hayaƙi kawai zai yawaita. Iska ce ke iyakance abin da inji zai iya yi.

Injin da ba shi da mataimaki yana dogara ne da nauyin iskar da ke kewaye da mu, wanda a bakin teku yake kai psi 14.7. Shi psi ɗin nan, shi ne ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Idan sufacaja ta ƙara psi 7 a kan wancan, to a lissafin takarda injin ya sami ƙarin kusan rabin iskar da yake shaƙa a da. Sai a ƙara masa mai daidai da haka, ƙarfinsa ya ɗagu.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san wannan hikima. Gawayin bai canja ba, amma da zarar an taɓa zugazugi sai wuta ta yi ja har ta tausasa ƙarfe. Asalin ɗaya daga cikin nau'o'in sufacaja ma daga nan yake. A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wata na'urar hura iska da aka riƙa amfani da ita a murhun narka ƙarfe da ramukan haƙar ma'adinai. Daga baya ne masu ƙera motoci suka ɗauke ta, kuma a 1921 aka nuna motocin Marsandi masu sufacaja a bajekolin motoci na birnin Balin.

Bambancinta da turbo shi ne abin da ke juya ta. Turbo hayaƙin salansa ne ke kaɗa shi, don haka yakan ɗan yi jinkiri kafin ya kawo ƙarfi. Ita kuwa sufacaja bel ne ke haɗa ta da karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, shi ya sa take amsawa nan take da an taka totur. Sai dai wannan saurin amsawa yana da farashi, domin daga ƙarfin injin take cin nata rabon. A motar Dodge Challenger Hellcat ta 2015, mai ƙarfin doki 707, juya sufacajar kaɗai yana cinye kusan doki 80 idan injin ya kai ƙololuwa. Haka kuma matse iska yana zafafa ta, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Waɗannan dalilai biyu ne ke sa abin da ake samu a zahiri ba ya kai na lissafin takarda.

Nau'o'i uku da ke kasuwa

Nau'i na farko shi ne mai ɗauke da sunan Roots. A cikinsa akwai sanduna biyu masu fukafukai da ke juyawa suna kwasar iska suna tura ta cikin inji. Kowane juyi yana tura iska mudu ɗaya, ba ragi ba ƙari, don haka ƙarfin yana zuwa tun injin bai ɗau sauri ba. Tsofaffin samfuransa sun yi suna wajen zafafa iska. Kamfanin Eaton na Amurka ya rage wannan matsala da samfurinsa na TVS, inda kowane sanda ke da fukafukai huɗu da aka murɗe da digiri 160. Kamfanoni irin su Edelbrock, Magnuson, Roush da Harrop na Ostireliya suna gina kayansu ne a kan sandunan Eaton.

Nau'i na biyu shi ne mai tagwayen sanduna murɗaɗɗu, wanda injiniyan ƙasar Suwidin Alf Lysholm ya inganta a shekarun 1930. A ido yana kama da na farko, amma shi yana matse iskar ne tun a cikin cikinsa kafin ya sake ta. Wannan ya sa yake riƙe ingancinsa ko da an ɗaga matsi sosai. Ƙera shi yana buƙatar tsananin daidaito, saboda tazarar da ke tsakanin sandunan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ba ya araha. Whipple da Kenne Bell suna cikin sanannun masu yin sa. Shi da na Roots galibi a saman inji ake ɗora su, don haka dole a auna ko bonet zai rufu.

Nau'i na uku ana iya kiransa mai katantanwa, saboda siffar gidansa. A cikinsa farfela ce guda ɗaya da giya ke ninka saurinta har ta wuce juyi 50,000 a minti. Halinsa daban ne da na sauran biyun. Matsin da yake bayarwa yana hawa ne tare da saurin inji, kuma hawan ba miƙaƙƙe ba ne: idan saurin inji ya ninka sau biyu, matsin yakan ninka kusan sau huɗu. Ke nan na'urar da ke ba da psi 8 a juyi 7,000, kimanin psi 2 kacal za ta bayar a juyi 3,500. Vortech, ProCharger, Paxton da Rotrex na ƙasar Danmak su ne sanannu a wannan fage. A gaban inji ake ɗaura shi, gefe guda, kamar yadda ake ɗaura alteneta.

Akwai kuma wasu 'yan fankoki masu aiki da batirin mota da ake tallatawa a intanet da sunan sufacajar lantarki, a farashin da bai taka kara ya karya ba. Waɗannan ba sa iya matse iskar da inji zai ji a jikinsa, wani lokaci ma toshe masa hanyar numfashi suke yi. Na'urar matse iska ta lantarki ta gaskiya, irin wadda kamfanin Audi ya sa a motarsa SQ7 a 2016, tana aiki ne da tsarin wuta mai bolt 48 da aka tsara tun daga masana'anta. Araha dai ba ta ado.

Me za a yi da motar?

Babu nau'in da ya fi sauran a kowane hali. Amsar tana wajen mai motar: a ina yake tuƙi, kuma a wane saurin inji yake yawan zama?

Motar Toyota 86, da tagwaininta Subaru BRZ, misali ne mai kyau. Sun fito a 2012 da inji mai lita 2 da ƙarfin doki 200. Ƙorafin da direbobinsu suka fi yi shi ne, a tsakiyar hawan inji, wajen juyi 4,000, ƙarfin jan motar yakan yi sanyi kafin ya sake ɗagowa. Wanda yawancin tuƙinsa a cikin gari ne, yana tsayawa yana tashi, yana neman wuce babbar mota cikin hanzari, nau'in Roots ko na Lysholm zai cike masa wannan gibi. Edelbrock da Harrop suna da ƙunshi irin wannan na motar. Wanda kuma yake kai motarsa filin tsere, inda inji ke wuni a sama, nau'in katantanwa kamar wanda Jackson Racing ke haɗawa da na'urar Rotrex zai fi dacewa da shi.

A mota mai babban inji kamar Mustang mai silinda takwas, lissafin yana iya juyawa. Irin wannan inji ya riga ya yi ƙarfin tashi tun asali. Idan aka ƙara masa wani tun daga ƙasa, tayoyin baya sukan yi ta sulɓi suna hayaƙi ba tare da motar ta ci ƙasa ba, kuma giya da kuloci su ne ke shan wahala. Shi ya sa wasu masu irin wannan mota suke zaɓar katantanwa, don ƙarfin ya riƙa zuwa a hankali.

A nan kuma ya kamata a lura da yadda ake ba da adadi. Wani kamfani ƙarfin da ke fita daga inji yake faɗa, wani kuma wanda ya isa taya. Tsakanin biyun akan rasa kimanin kashi 15 cikin 100 a giya da sauran kayan juyi. Kwatanta adadin wannan da na wancan ba tare da sanin inda aka auna ba, kamar kwatanta mudun Kano da na wani gari ne. Abin da ya fi amfani shi ne a nemi zanen gwajin da ke nuna ƙarfin motar a kowane matakin sauri, tare da bayanin irin man da aka yi gwajin da shi.

Shin injin zai ɗauka?

Kowane inji yana da adadin da fistin ke matse cakuɗen mai da iska kafin fulogi ya kunna shi. Injin da aka ƙera don ya ɗauki sufacaja akan rage masa wannan matsi, a kuma ƙarfafa kayan cikinsa. Motar Corvette ta nuna haka ƙarara. Injinta na LS3 mai lita 6.2, wanda ba shi da sufacaja, matsinsa 10.7 ne bisa 1, ƙarfinsa doki 430. Da kamfanin ya fitar da samfurin ZR1 na 2009 mai sufacaja da ƙarfin doki 638, girman injin bai canja ba, amma an sauke matsin zuwa 9.1, an sa fistin na ƙarfafaffen alminiyam, an kuma yi sandunan da ke riƙe fistin da ƙarfen titaniyam.

Mai ɗora sufacaja a gareji ba shi da wannan gata. Injin Toyota 86 matsinsa 12.5 ne, na Mustang GT ta 2018 kuwa 12. Saboda haka kamfanonin kirki suke taƙaita ƙarin iskar da ƙunshinsu ke bayarwa, yawanci tsakanin psi 6 zuwa 10, a kan injin da ba a taɓa cikinsa ba. Jarabawar da ke biyo baya ita ce ta fuli, wato faifan da bel ke hawa. Ƙaramin fuli yana sa na'urar ta ƙara sauri, matsi ya ƙaru, kuma canja shi aikin ɗan lokaci ne. Injuna da yawa a nan suke gamuwa da ajalinsu, fistin ya tsage ko sandansa ya lanƙwashe.

Kafin a biya ko sisi, sai bakanike ya auna matsin kowace silinda, ya gwada ko akwai inda iska ke zurarewa ta ringi ko bawul, ya duba ƙarfin bugun baƙin mai, ya kuma sa kwamfuta ta karanto kurakuran da motar ta adana. Wannan ya fi zama dole ga motar hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda ba a san tarihinta ba, kuma ba lalle ne adadin tafiyar da agogonta ke nunawa ya zama gaskiya ba. Sufacaja ba ta warkar da gajiyayyen inji, fallasa rauninsa take yi.

Sai kuma a tabbatar ƙunshin na wannan samfurin ne da wannan shekarar, da irin giyar da ke motar. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake kamar na Amurka. Wasu kayan da aka tsara a Japan, Ingila ko Ostireliya an auna su ne da mota mai sitiyari a dama, kuma bututunsu yana iya cin karo da sandan sitiyari ko tukunyar man birki.

Man fetur da tarkon lamba 91

Ga mai mota a Najeriya, wannan shi ne batu mafi girma. A ƙa'ida, fulogi ne ke kunna wuta ta bi cakuɗen a hankali tana tura fistin. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar cakuɗen yakan fashe da kansa, ya doki kan fistin kamar guduma. Direba zai iya jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokaci kuma ƙarar salansa ta danne ta. A injin da ke ɗauke da ƙarin matsi, 'yan daƙiƙoƙi na wannan duka sun isa su fasa fistin ko su ƙona gaskit.

Juriyar fetur ga irin wannan fashewa ita ake aunawa da lambar okten. Galibin ƙunshin da ake yi a Amurka suna sharɗanta mai mai lamba 91 ko 93. Tarkon shi ne, ma'aunin Amurka daban yake da ma'aunin RON da Turai da ƙasashen Afirka ke amfani da shi. Abin da Amurka ke kira 91 ya yi daidai da kimanin 95 a ma'aunin RON, 93 kuma kimanin 98. Wanda ya ji an ce man wani wuri 91 ne a ma'aunin RON, ya ɗauka ya cika sharaɗi, ya yi kuskure, domin wannan daidai yake da man gama-gari na Amurka mai lamba 87.

A yawancin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa, ba a ba direba zaɓi tsakanin na gama-gari da na musamman, kuma ba a rubuta lambar okten a jikin famfo. Ingancin ma yana iya samun tangarɗa. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da harkar tacewa da rarraba man fetur ta sanar da gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida a cikin wanda aka shigo da shi ƙasar. Injin talaka yana iya jure man da bai cika ba na ɗan lokaci. Injin da aka kai bakin iyakarsa ba shi da wannan sarari.

Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasa ta sa kwamfuta ta ja da baya, amma iyakar gyaran da take iya yi ƙalilan ne. Ruwan ƙara okten da ake sayarwa a kwalba shi ma da yawansa ɗan abin da yake ƙarawa bai kai lamba ɗaya cikakkiya ba. Haka nan duk adadin ƙarfin da aka samu da man E85, mai yawan sinadarin etanol, ba shi da amfani ga wanda ba zai sami wannan mai a garinsu ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a gaya wa kamfanin gaskiyar man da ake samu, a nemi babban fuli mai rage matsi, a kuma saita kwamfuta da sassauci. Idan kamfanin ya ce kayansa ba za su yi aiki da wannan mai ba, to ya ba da amsar da ta fi kowace daraja.

Zafi, ƙura da tudu

Idan iskar waje tana da zafin digiri 40, kamar yadda ake gani a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, sannan na'ura mai matsakaicin inganci ta ƙara mata psi 10, za ta fito da zafin da ya haura digiri 110, wato fiye da na tafasasshen ruwa. Tura wannan cikin silinda gayyatar fashewa ce. Don haka a ƙasa mai zafi, ƙunshin da ba shi da intakula, wato na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji, bai cancanci a duba shi ba.

Intakula iri biyu ce. Akwai wadda ake kafawa a gaban mota iskar hanya tana ratsa ta, wadda ta fi zuwa da nau'in katantanwa. Akwai kuma mai aiki da ruwa, da nata famfo da ƙaramar lagireto, wadda ta fi zuwa da nau'o'in da ke zama a saman inji. Ta farko ba ta da kayan lalacewa da yawa, amma sai mota na tafiya take aiki sosai. Ta biyu tana da famfon da idan ya mutu direba ba zai sani nan take ba, kuma a cunkoso ruwanta yakan ɗau zafi. Ko wacce aka zaɓa, ya kamata a sake duba lagireton injin, a kuma yi tunanin ƙara na'urar sanyaya baƙin mai.

Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce. Tazarar da ke tsakanin sandunan sufacaja ƙarama ce, yashi yana cinye rufin da ke jikinsu. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake so saboda ƙararta ba ta dace da hanyoyinmu ba, rufaffiya mai kyau da ake canjawa a kan kari ta fi.

Tsayin gari ma yana da tasiri. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu zuwa wajen psi 12.7. Motar da aka saita har bakin iyaka a can, idan ta gangaro Legas ko Fatakwal za ta shaƙi iska mai kauri, matsin cikin silinda ya ƙaru, abin da ya wuce lafiya a tudu ya zama haɗari a bakin teku.

Abin da ke cikin kwali

Kamfanoni sukan sayar da kaya iri biyu. Cikakken ƙunshi yana zuwa da na'urar, maƙalai, bel, intakula, manyan injekta, abin ƙarfafa famfon mai idan ana buƙata, da shirin da za a loda wa kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos. Ɗayan kuma, wanda ya fi araha, ƙarafan kawai yake ɗauke da su, an bar wa ƙwararre ya nemo kayan mai ya rubuta shirin da kansa. Wanda ba shi da irin wannan ƙwararre a kusa, ragin farashin ba riba ba ce.

Shirin kwamfutar shi ne ran aikin. Shi ke ƙayyade yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai tartsa wuta. Idan mai ya yi ƙaranci a kan iska, zafin cikin silinda yana iya narka fistin. Saitin kirki ana yin sa ne a kan daino, wato na'urar da mota ke hawa tayoyinta suna juya gangar ƙarfe ana auna ƙarfinta. Inda babu daino, wasu ƙwararru suna aiki daga nesa: direba ya naɗi bayanan inji yayin tuƙi ya tura, su gyara su dawo masa da shi. Kafin a yi oda, ya kamata a san wanda zai yi wannan aiki da sunansa.

Wata alama mai amfani ita ce lambar amincewa ta hukumar kula da tsaftar iska ta jihar Kalifoniya, wato CARB. A can, doka ba ta yarda a hau titi da irin wannan kaya ba sai da ita. Dokar ba ta shafi direban Najeriya ba, amma lambar tana nuna cewa an gwada ƙunshin a kan wannan samfurin mota da shirinsa cikakke.

Sauran jikin mota, aljihu da doka

Ƙarin ƙarfi ba ya tsayawa a inji. Kuloci na asali yakan fara sulɓi, giya mai canja kanta takan buƙaci sanyaya da sabon saiti, fulogi ma akan canja zuwa mai jure zafi. Mafi muhimmanci su ne birki da taya. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninka sau huɗu. Wanda kuɗinsa bai isa ya gyara birki ba, bai isa sayen sufacaja ba.

Cikakken ƙunshi daga sanannen kamfani dubban daloli ne, kafin a zo ga kuɗin jirgi, fiton kwastam, ladan bakanike da na mai saiti. Bayan an ɗora, akwai canjin bel da man na'urar, ga kuma ƙarin shan fetur duk lokacin da aka taka totur, a ƙasar da farashin mai ya tashi tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Kayan gyara kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, don haka hikima ce a haɗo bel na ajiya tun a odar farko.

Garanti yana da nasa sharuɗɗa. Ƙunshin da Ford Performance da Roush suka fitar wa Mustang GT ta 2018, wanda ke ɗaga ta daga doki 460 zuwa 700, ya zo da garantin shekara uku ko mil 36,000, amma bisa sharaɗin dila ko ƙwararren da aka amince da shi ne ya ɗora. Mai saye daga nesa ya nemi a rubuta masa ko alƙawarin zai bi kayan har inda za su je. Haka kuma wajibi ne a sanar da kamfanin inshora, domin ɓoye canji mai girma irin wannan yana iya zama hujjar ƙin biyan diyya ranar da aka yi haɗari.

Dokar hanya kuwa ba ta canjawa don inji ya canja. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ne a awa, a cikin gari kuma 50. Motar tsere ta riga ta ninka wannan tun kafin a taɓa ta. Wurin gwada ƙarin ƙarfi shi ne killataccen fili, ba titin da 'yan makaranta da masu talla ke tsallakawa ba, ba kuma rakiyar amarya ba.

Bayan an haɗa dukan wannan lissafi, wani zai ga cewa sayar da motarsa ya sayi wadda ta zo da sufacaja daga masana'anta ya fi masa sauƙi, domin ita an ƙera fistin, giya da birkinta ne da sanin nauyin da za su ɗauka. Wanda kuma ya ƙudurta ɗorawa, sai ya fara da gwajin lafiyar inji, ya tabbatar da man da zai samu kullum, ya nemo mai saiti, sannan ya zaɓi nau'in da ya dace da tuƙinsa. Idan ƙunshi biyu suka tsallake waɗannan matakai, a lokacin ne ya dace a kwatanta ƙarfin dokinsu, kuma a yanayin zafi da mai irin namu, wanda ya fi sassaucin matsi shi ne zai daɗe yana kai mai shi gida.